Yadda Gizo Ya Zama Likitan Motoci a Wambai

Ga ta nan, ga ta nanku.

A unguwar Wambai ta garin Suleja an yi wani tsohon bakanike, Kunkuru. Ya koyi aiki ne a kan Peugeot 504, irin waɗanda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, kuma duk wanda ya san shi ya san yadda yake duba mota: ya ɗora bakin sukundireba a jikin inji, ya kafa kunne a ƙotar, ya lumshe ido, can ya ɗago ya ce, "Fulogi na uku ne." In aka kwance, na ukun ne kuwa.

Aiki bai taɓa yanke masa ba. Tun da garin ya bar wa sabon babban birnin ƙasa sunansa na Abuja a 1976, Suleja ta zama makwancin ma'aikatan can. Da asubar fari motoci suke jerin gwano ta Madalla da Zuba, Dutsen Zuma na kallonsu, da magariba su dawo a gajiye, wata na tari, wata na ɗingishi. Sai dai motocin sun canza hali. Daga 1996 duk motar da za a sayar a Amurka sai da wata 'yar kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, Turai ma ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur. Su ne in sun tsufa a can ake lodo su ta Kwatano da Legas, a ce musu Beljiyam. Irin waɗannan suna da ƙwaƙwalwa, kuma ba sa gaya wa sukundireba ciwonsu. Sai dai su kunna wata 'yar fitila ruwan ɗorawa a dashbod, su yi gum, har a zo da na'urar da ke jin yarensu.

Kunkuru ya daɗe yana jan jiki, kamar yadda ya saba. Daga baya shi da Bushiya mai gyaran wuta da Ɓauna mai giya suka shiga adashi, suka sayi na'ura 'yar asali, suna biyan kuɗin sabunta ta duk shekara, da dala. Ranar biya Kunkuru ba ya gaisuwa da kowa.

To, a cikin yaran garejin akwai Gizo. Za ku yi mini afuwa in miƙe muku maganarsa, don in na biye wa tsamin bakinsa sai mu kwana a nan. Gizo yana da kai, wannan ba a musu. Abin da ba shi da shi haƙurin wanke fatis da kananzir shekara da shekaru. Ya lura cewa in an jona na'ura, minti biyar ba ta cika ba mai mota ya zaro kuɗin da yaro ba ya samu a mako. Tun kafin a yaye shi ya tattara sifanunsa, ya tsallaka titi, ya kafa rumfa a gindin wani mangwaro, ya sa aka rubuta masa allo: Dakta Gizo, Likitan Motoci da Kwamfuta. Kwamfutar ce kawai babu.

Ana nan, ran nan sai ga Hankaka ya sauka a kan mangwaron da jaka a wuya. Ba wanda ya san garinsu. Yau ya ce daga Legas yake, gobe ya ce kayansa daga Sin suka sauka jiya-jiya.

"Oga Dakta," in ji shi, "abin da tsohon can ya yi shekara yana tara wa kuɗi, ga shi a jakata, kuɗin kajin Sallah biyu."

Ya zazzage. Ga wani ɗan akwati shuɗi mai shiga kowace mota, an manna masa takarda: ELM327 v1.5. Ga kebul baƙi na Toyota, ga wani na Golf da Sharon, ga filash ɗauke da manhajojin duba su, Techstream da VCDS, duk an ɓalle musu kwaɗo. Gizo ya juya kebul ɗin a hannu. Robar na da kaushi a gefe inda injin ya yanke ta, kuma in ka girgiza za ka ji wani abu na motsi a ciki. Amma tambarin ya fita raɗau, Hawainiya ce ta buga shi, ita kuwa ba launin da ya gagare ta.

"Sharaɗi uku ne," in ji Hankaka. "Kafin ka zuba manhajar, ka sallami maigadin kwamfutarka, don zai yi ta ihu wai ɓarawo ya shigo, ƙarya yake. Kada ka bar kwamfutar ta leƙa intanet. In kuma ta ce maka ga sabuntawa, ka ce a'a, ko da kuka take."

Mai hankali zai tsaya ya tambayi irin baƙon da ba ya shiga gida sai an kori maigadi an rufe taga. Gizo lissafin kuɗi yake. Ya karɓi rance wurin matarsa Ƙoƙi, daga jarin shagonta na cire kuɗi, ya sayi wata tsohuwar laftof da batirinta ya mutu tun a Turai, ya biya Hankaka.

Gaskiya ɗaya ce, abin ya yi aiki. Wanda ya ce jabu ba ya aiki sam bai taɓa riƙe shi ba, kuma da ba ya yi da ba wanda zai saya. Jaki ya kawo Golf ɗinsa ta haya, fitila a kunne. Gizo ya durƙusa, ya lalubo kafar, ya jona, ya ɗaure fuska yana kallon allon kwamfuta, ya danna wuri ɗaya. Fitila ta mutu. Jaki ya yi kuka don murna har aka ji shi a bakin Iku. Kafin wata ya ƙare, layin motoci ya kai bakin kwata, kuɗin Gizo kuwa rabin na Kunkuru.

Abin da Jaki bai sani ba shi ne goge lambar ciwo daban, warkar da ciwo daban. Ƙwaƙwalwar na sake gwada kanta in an yi tafiya, in ta tarar da abin yana nan sai ta sake kunna fitilar. Ta Jaki ta dawo kafin ya kai mararrabar Dikko. Ya koma, Gizo ya ce wannan sabon ciwo ne, ya sake gogewa, ya sake karɓa.

Ta Akuya ta fi ban haushi. Sienna ce take jigilar 'yan makaranta da ita, ta fara rawar sanyi in an tsaya. Na'ura ta nuna P0171. Wannan lambar cewa take iska ta yi wa mai yawa a cikin inji, ba ta faɗi wanda ya jawo ba. Gizo bai san haka ba, manhajar sata kuwa ba ta zuwa da littafin gyara, balle lambar wanda za ka kira. Ya sa ta sayi fulogi, ta sayi kwayil, aka wanke nozul, aka canza famfon mai. Da kuɗinta suka ƙare ta tura motar tsallaken titi. Kunkuru ya duba lambar, ya duba yadda ƙwaƙwalwar ke ƙara mai in inji na tsaye, ta rage in an taka totur, ya ajiye na'urar, ya kafa kunne. Can ya miƙa hannu bayan inji ya zaro wani ɗan tiyo da ya tsage, tsawon yatsa.

Da yamma ya kira tsohon yaronsa.

"Kawo abin nan shuɗi in gani."

"Maigida, ai sirrin sana'a ne."

"Sirrin da ake sayarwa a jaka?" Kunkuru ya karanta takardar ya yi murmushi. "Wani ƙaramin kamfani ne a Kanada, Elm Electronics, ya ƙera ainihin wannan. Fitowar farko ba su kulle abin da ke cikinsa ba, aka kwafe, aka yi ta bugawa. Wannan lamba ta 1.5 da ka gani, su masu abin ba su taɓa fitar da ita ba. Sun ma rufe kamfanin a 2022, jabun bai fasa fitowa ba. Wani yana jin yaren wasu motoci, wani ya yi tsalle ya bar rabi, ya ce maka lafiya lau alhali bai ji ba ne. Ka yi sauraro da shi in ka ga dama. Amma Gizo, ko da wasa kada ka yi rubutu a ƙwaƙwalwar mota da kayan Hankaka."

Gizo ya ce to. A ransa kuwa cewa ya yi hassada ce irin ta tsofaffi.

A cikin laftof ɗin kuma, tun daren da aka sallami maigadi, Gara ta tare da 'ya'yanta. Ba ta taɓa hayaniya ba. Gizo ya kiyaye sharaɗin intanet kwana kaɗan, sannan yaronsa Kurege ya fara jona ta da wayarsa da dare don kallon ƙwallo, Ƙoƙi ma ta shiga Facebook da asusun shagonta a kai sau ɗaya ko biyu. Gara na kwashe kalmomin sirri tana miƙa wa wanda ya aiko ta. Wata safiya dangin Ƙoƙi na Zariya suka yi ta kira suna jaje, wai sun ga saƙonta cewa Gizo na asibiti, har wasu sun tura abin da ya sawwaƙa. Gizo na zaune yana shan koko.

Sai ga babbar harka. Hajiya Giwa, dillaliyar doya da ke lodi zuwa Kano, tana da wata Highlander da take ji da ita. Giyar ta fara fizga in za ta canza. Ɓauna ya duba ya ce ƙarfen lafiya yake, karatun ƙwaƙwalwar ne ke son sabuntawa, don kamfani kan fitar da gyararren karatu ga irin wannan. Ta tafi wurin Kunkuru.

"Hajiya, sai jibi," in ji shi. "Sai na biya kuɗin shiga rumbun kamfani na tabbatar da wane karatu ne na wannan motar, don shekara ɗaya, inji ɗaya, karatu na iya bambanta. Batirinki kuma ya yi sanyi. Sai na aro injin da ke riƙe wuta sama da bolt 13 har a gama."

Da ya faɗi kuɗin, Giwa ta kaɗa kunne. "Malam Kunkuru, mota zan gyara, ba sabuwa zan saya ba. Gobe nake da ɗaurin aure a Minna."

Gizo na jin su daga gindin mangwaro. Kafin ta kai ga buɗe ƙofa ya iso yana zuba gaisuwa. "Ranki ya daɗe, uwar dawa, wannan ai aikin minti ashirin ne. Kashi ɗaya cikin uku za ki ba ni, ki sha lemo a inuwa."

A nan sai na tsaya na yi bayani, don wanda bai san wannan ba zai ɗauka tsautsayi ne kawai. Ƙwaƙwalwar mota allo ce irin ta makarantar allo: ba a rubuta sabon karatu sai an wanke tsoho. Tsakanin wankewa da gama rubutu, motar ba ta san komai ba, ko sunanta. In hannun mai rubutu ya tsaya a nan, wani lokaci akan samu a sake daga farko, wani lokaci kuwa har ɗan karatun da ke koya mata karɓar rubutu ya tafi, shi ke nan. Shi ya sa kebul ɗin asali ke da abin tsare wuta da na daidaita saƙo, kuma an gwada shi a kan wannan aikin. Na Hankaka an rage duk abin da za a iya ragewa a ciki, ya rage saura abin da zai sa fitilarsa ta kama.

Gizo ya buɗe filash, ya ga karatu huɗu masu suna kusan iri ɗaya, ya zaɓi wanda ya fi masa kyan gani. Ya murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba, ya jona, ya danna. Wani ɗan layi kore ya fara tafiya a allon. Goma. Ashirin da biyar. Giwa ta ce zafi ya dame ta, Kurege ya kunna mata fankar mota don neman suna, batir mai sanyi ya ƙara sanyi. Arba'in. Hamsin da takwas. Layin ya tsaya. Gizo ya ce hutawa yake. Fitilar kebul da ke ƙyafta ido ta daina. Gumi ya keto wa Gizo ta ƙafafu takwas. Ya taɓa kebul ɗin don ya gyara masa zama, abin nan mai motsi a ciki ya motsa, sai wani jan akwati ya fito a allon da rubutun da ba wanda ya tsaya karantawa. Kamar an haɗa baki, aka ɗauke wuta a unguwar, laftof marar batir ta yi ɗif.

Aka tayar da janareta. Aka murɗa makulli. Ba ƙugin famfon mai, ba tari, ba komai. Fitilar nan ruwan ɗorawa da kowa ke tsana, yau an neme ta ta kama ko sau ɗaya, ta ƙi, don mai kunna ta ba ya nan.

Gizo ya kira Hankaka, aka ce layin a kashe yake. Ya ce wa Kurege ya jona intanet su nemi dabara. Kwamfutar na shaƙar iska ta jawo sabuntawar da aka daɗe ana hana ta, ta dubi kebul ɗin ta ce ba ta san shi ba. Giwa ta miƙe tsaye. Gizo ya haye can ƙololuwar mangwaro, daga nan ya ci gaba da ba ta haƙuri.

Washegari, maimakon Minna, aka hallara gaban Malam Dila, wanda masu gareji ke kai wa ƙara. Zomo na gefe da kwamfutarsa yana rubuta abin da aka faɗa.

Kunkuru ya fara ba da shaida. Ya ce ya kwana yana lallashin ƙwaƙwalwar da na'urarsa, ba ta amsa ba. Sai dai a nemo wata ta Beljiyam a Apo ko Ladipo, mai lamba daidai da wannan, sannan a haɗa ta da makulli su san juna, in ba haka ba motar za ta ɗauki mai ita ɓarauniya. Game da kebul ɗin da ya mutu kuwa, ya ce ba yau aka fara ba. A watan Oktoba na 2014 wani kamfani na Sikotland, FTDI, wanda ake yawan kwaikwayon ɗan cif ɗinsa a irin waɗannan kebul, ya saki sabuntawa ta cikin Windows wadda in ta gane jabu sai ta goge masa lambar shaida, kwamfuta ta daina ganinsa. An yi ca a kansu har suka janye, don da yawa waɗanda abin ya shafa ba su ma san jabu suka saya ba. A 2016 suka dawo da wata dabarar, ta cusa gargaɗi a cikin saƙon da jabun ke ɗauka. "Masu kaya ba barci suke ba," in ji shi. "Kai da ka sayi na sata, kana tsakiyar faɗan da ba naka ba, da motar mutane a hannunka."

Dila ya ɗaga kai sama. "Gizo, sauko ka yi magana."

"Allah gafarta Malam, daga nan ma ana ji na." Ya gyara murya. "Na yi laifi, ban musa ba. Amma a tambayi Maigida nawa yake biya duk shekara. Kafin Yunin 2023 dala ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba, shekara ba ta zagayo ba ta haura 1,500. Toyota da tata manhajar, Honda da tata, Peugeot da tata, Marsandi da tata, kowanne da kebul ɗinsa da kuɗin shekararsa, an yanka farashin don gareji a Jamus da Amurka. Motar ta tsufa ta zo Wambai, makullin ciwonta ya zauna a can. Su can har ƙuri'a suka yi a jihar Massachusetts a 2012 don a tilasta wa kamfanoni buɗe wa ƙananan gareji bayanan gyara. Mu wa ya yi mana? Sannan duk wanda ke wurin nan, wa ya taɓa tambayata ko kayana na asali ne? Nawa ne, nawa ne, shi kaɗai kuke tambaya."

Wurin ya yi tsit. Jaki ya sunkuyar da kai. Ni kaina da nake ba ku labari ban ga ƙarya a wannan magana ba, ko da yake daga bakin Gizo ta fito.

Kunkuru ya sa hannu a aljihu ya fito da wani ɗan akwati shuɗi, irin na Gizo sak. Aka yi salati.

"Ni ma ina da shi," in ji shi. "In mota ta mutu a hanyar Kaduna aka kira ni, shi nake ɗauka in ji ƙorafinta, in dawo in tabbatar da babbar. Ba na barin sa a jone ya kwana yana shan batir, ba na taɓa birki ko jakar iska ko makulli da shi, ba na rubutu da shi. Tsadar da ka faɗa gaskiya ce, ita ta sa mu uku muka haɗa kuɗi. Da ka zo da mun zama huɗu. Ka san iyakar abin nan, na gaya maka da bakina. Motar da ka gwada a kanta kuma ba taka ba ce."

Giwa ta ce ita a kamo mata Hankaka. Dila ya yi dariya irin tasa. Ya ce ba rasit, ba shago, ba suna. Ya ƙara da cewa dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Maris na 2023 ta haɗa da manhajar kwamfuta da ɓalle mata kwaɗo, don haka in Gizo ya je ƙarar Hankaka, da ƙafarsa ya kai kansa.

Ya yanke hukunci. Gizo zai biya kashi biyu cikin uku na kuɗin ƙwaƙwalwa da janwe, ya mayar wa Akuya kuɗin famfon mai, ya sauke allon Dakta, ya koma wanke fatis wurin Kunkuru har bashin ya fita. Hajiya za ta ɗauki kashi ɗaya, don an gaya mata jibi ta zaɓi minti ashirin. Laftof kuwa a wanke ta tas, Ƙoƙi ta canza duk kalmomin sirrinta tun yau. Giwa ta buɗe baki za ta yi magana, ta tuna da lemon da ta sha a inuwa, ta rufe.

"Zomo, karanto mana abin da ka rubuta, kowa ya sa hannu."

Zomo ya yi ta danne-danne. "Allah gafarta Malam, ta ƙi. Wai lasisin manhajar rubutun ba na gaskiya ba ne, ta kulle."

"Wa ya zuba maka ita?"

Zomo ya dubi Gizo a sama, ya dubi ƙasa. "Hankaka ne. Da ta ofishinka duka rana ɗaya ya yi mana, ka ce a ba shi na goro."

Dila ya gyara zaman rawaninsa, ya ce a miƙo masa takarda da biro.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera.